Gaba Bakwai ta Kogin Rugugi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi igiyar awo ba, ya zuba koguna bai gaya wa kowa zurfinsu ba, sannan ya halicci fatake ya bar su da tambaya. Wanda zai yarda da abin da zan faɗa ya matso kusa. Wanda ba zai yarda ba shi ma ya matso, don ya fi jin abin da zai ƙaryata.

Sunana Jatau. Na yi yawon duniya har takalma suka daina yarda da ni. A cikin yawon nan ne na ratsa Hamadar Toka na faɗa Birnin Tuntuɓe, birni mai ganuwar jan dutse, wanda mutanensa ke magana da sauri suna guntule kalmomi kamar wuta ta kama bayan rigarsu. A can komai da gaba ake auna shi, wato mutum ya ware hannuwansa biyu, daga kan wannan ɗan yatsa zuwa kan wancan. Ni kuwa Allah ya yi ni da hannuwa, ina tsaye nake sosa gwiwa ban sunkuya ba. Nan da nan na sami sana'a. Masu sayen tufafi su ɗauke ni in auna musu, masaƙa kuwa da sun hango ni sai su fara salati.

Abin da ban sani ba sai daga baya, birnin yana da doka. Duk wanda ya yi wa jama'a awo, hannuwansa ne jingina. In awon ya yi ƙarya, a sare su daga kafaɗa a rataye a Ƙofar Awo. Na sha wucewa ta ƙofar nan ina tsammanin kilishi aka shanya.

Wata safiya aka kira ni gaban Madugu Arzika, shugaban fataken birnin, gajeren mutum mai tumbi da gemu har cibiya. Raƙumansa suna ta mutuwa a hanyar duwatsu da ke kai kanwa bakin teku, shi ya sa ya ƙudura zai sassaƙa manyan jirage ya bi da kayan ta Kogin Rugugi.

Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Dogo, kai ne mai sa masaƙa kuka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ware hannu kawai nake yi, su suke zaɓar kukan.”

Ya ce, “Jiragena ruwa gaba biyu suke bukata. Mutanen kogi kuwa sun ce Rugugi gaba bakwai ne. Je ka auna mini daga nan har teku. In hannu irin naka ya ce biyu, na san ta wuce biyu.”

Na tambayi sharaɗi. Ya ce in na dawo na ce kogi zai ɗauki jirgi, za a ɗaure ni a goshin jirgin farko. Jirgin ya isa teku da kayansa, hannuwana nawa ne. Bai isa ba, na ƙofa ne. In kuma na ce ba zai ɗauka ba alhali ruwa ya kai, na yi ƙaryar awo ke nan.

“In na ce ba ni zuwa fa, ranka ya daɗe?”

“Raina awo ke nan. Hukuncinsu ɗaya.”

Don kada ƙafa ta ceci hannu, sai ya haɗa ni da Hauni Mantau, mai sare hannuwan birnin. Ƙato ne baƙi wuluk, da gatari mai faɗin faifai, amma ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya ɗan taɓa kafaɗata ya ce, “Malam Jatau, ka yi sa'a. Gaɓar a fili take. Ba za ka sha wuya ba.”

A bakin kogi muka ɗauki Tabawa, tsohuwa mai ido ɗaya wadda ta tsufa tana fito da mutane, da majiya ƙarfi biyu masu tuƙa mata kwalekwale. Ita 'yar kogi ce, mutanen kogi kuwa kishiyar mutanen birni ne wajen magana, komai sai sun ja shi. Ba sa cewa ruwa, sai ruuwa.

Na ce, “Gwaggo, da gaske kogin nan gaba bakwai ne?”

Ta tofar da goro ta ce, “Gaaba bakwai, ɗan nan. Ko ɗaya ba ta ragu ba.”

Muka kama hanya. Na ɗaura dutse a igiya, ina jefawa ina jawowa ina aunawa da hannu. Nan uku, can huɗu, wani wuri uku da rabi. Ƙasan yashi ne, ba dutse ba kututture. Hauni yana kallo yana gyaɗa kai kamar wanda aka hana abinci cikin mutunci. Ni dai raina fari ƙal, sai na ce, “Gwaggo, ina bakwai ɗin taki? Har yanzu ban wuce huɗu ba.”

Ta ce, “Kwantar da hankalinka. Ta farko tana bayan kwanar can.”

Ban gama tunanin yadda za a ce gaba tana bayan kwana ba, sai na ji wani abu ya wuce kunnena, fiu! Mai tuƙin da ke gabana ya saki filafilinsa ya kama wuya. Kibiya ce ta shiga ta nan ta fito ta can. Ya buɗe baki zai yi magana, jini ya riga maganar fitowa, ya kifa cikin ruwa. Na ɗaga kai, sai ga sama ta yi duhu da kibau. A gaɓar hagu gari, a gaɓar dama gari, kowanne maza sun yi sahu a bakin ruwa suna harbin na ƙetare, mata na miƙo musu kibau a kwanduna kamar masu kai abinci gona. Ba mu suke harbi ba. Mu dai mun shiga tsakani ne.

Tabawa ta daka tsawa, “Ku faɗa!” Ta taka gefen kwalekwalen ya kife a kanmu. Muka riƙe shi ta ciki, kawunanmu cikin ɗan sararin da ya rage, kibau na sauka a bayansa kamar ƙanƙara, ruwa na janmu. Da muka fito can ƙasa muka birkice shi, ya zama beguwa.

Tabawa ta matse ɗankwalinta ta ce, “Hagunawa da Damawa ke nan. Gaaba ɗaya. Saura shida.”

Nan fa na gane abin da take nufi. Ku da kuke ji da Hausa kun san gaba ta awo gajeriya ce a baki, gaba ta ƙiyayya kuwa sai an ja ta. To mutanen da ke jan kowace kalma, ta yaya za ka gane wadda suke nufi? Ashe su ba sa lissafin kogi da zurfi, da yawan gabar da ke bakinsa suke lissafa shi.

Na ce, “Me ya haɗa su?”

Ta ce, “Wa ya sani? Wasu sun ce akuya ce. Abin da kowa ya sani, in Hagunawa suka ce an yi ruwa, Damawa sai su fito da shanya. In waɗannan suka ga wata, waɗancan sai su ƙara azumi. A kashe Bahagune ya fi masa sauƙi da a ce ya yi abu ɗaya da Badame.”

Ta biyu ta fi ta farko muni. Wasu mutane ne masu hawan dorina da linzamin sarƙa, suna gaba da wasu masu kiwon kadoji kamar yadda ake kiwon tumaki. Mun iske su ana tsakar yi. Ruwan ya yi ja har ya yi kauri. Na ga dorina ta kama makiyayi ta tsakiya ta raba shi biyu, rabin sama yana ta zagi bai san an gama da shi ba. Wani kada mai tsawon rumfa ya ɗora haɓa a kan kwalekwalenmu ya ɗauke mai tuƙi na biyu daga ƙugu, muna jin ƙashi na ƙara. Ya dawo neman ƙari, Hauni ya ce, “Gafara dai,” ya raba masa kai da sara ɗaya. Wani mahayin dorina ya kawo wa Hauni mashi ya tafi da kunnensa na hagu, Hauni ya ba shi haƙuri, ya sare shi daga kafaɗa, don hannunsa ya saba da wurin. Ana wannan ni ina jefa igiya, saboda aiki aiki ne. Gaba huɗu da kamu ɗaya.

Sauran ba zan tsawaita muku ba. Akwai wa da ƙane da suka gina hasumiya suna fuskantar juna, suna jifan juna da tukwanen man kaɗanya mai tafasa. Akwai maƙera da magina tukwane. Akwai masunta biyu da zuriyarsu, a kan kifi ɗaya da ya tsere tun zamanin kakanni. Ta shida kuwa garuruwan sun ƙare da juna tuntuni, ba mai rai ko ɗaya, amma da rana tsaka kaburbura suke buɗewa, ƙasusuwa su fito su ci gaba da jifa da duwatsu. Wani ƙoƙon kai ya same ni a goshi, har yau ga tabon. Ko'ina ruwa ya kai gaba uku.

Daga nan Tabawa ta tsaya a wani tudun yashi ta ce ba ta ƙara gaba. Muka hau tudu muka hango ta bakwai. Ita ba ta mutane ba ce. Kogi ne da teku ba sa ga-maciji. Inda suka haɗu, ruwan daɗi ya miƙe tsaye, ruwan gishiri ya miƙe tsaye, su yi karo kamar raguna, ƙarar ce ake ji tun daga nesa har aka sa wa kogin suna.

Da ƙafa muka koma birni ta bayan duwatsu. Madugu ya tara fatake, jiragensa har an gama sassaƙa su, an yi musu fenti.

Ya ce, “Dogo, gajarta. Nawa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, zurfi ba inda ya gaza uku. Amma kogin nan gaaba bakwai gare shi.” Na ja kalmar har numfashina ya kusa ƙarewa.

Fatake suka bushe da dariya. Madugu ya ce, “Ku ji shi, ya sha ruwansu ya dawo da bakinsu! Uku a gefe, bakwai a tsakiya. Madalla!”

“Ba ita nake nufi ba, ranka ya daɗe. Gaba ta faɗa, ta kisa. Dubi kunnen Hauni.”

Ya juya ga Hauni ya ce, “Ruwa ya kai ko bai kai ba?”

Hauni ya rusuna ya ce, “Ya kai, ranka ya daɗe. Sai dai...”

“Awo na aike ku, ba gulmar ƙauyawa ba. Wane garin ne ba a faɗa? Dogo, zai ɗauki jirgi ko ba zai ɗauka ba?”

Na dubi gatari, na dubi hannuwana. In na ce a'a, yau. In na ce i, sai an kwana biyu. Na ce, “Zai ɗauka.”

Aka loda kanwa har jirage suka nutsa zuwa wuya. Aka kafa gungume a gicciye a goshin jirgin farko, aka ware hannuwana aka ɗaure a kai, na zama kamar fatar da aka shanya. Tabawa ce a kan tuƙi, don ba wanda ya san hanya sai ita, Hauni yana zaune kusa da ni yana wasa gatari yana tambayata ko igiyar ta matse ni. Madugu yana cikin jirgi na biyu a ƙarƙashin laima, sauran suna biye a jere da kiɗa.

Muka sha kwanar farko. Wannan karon ba kwalekwale suka gani ba, dukiya suka gani tana tafiya a kan ruwa. Hagunawa suka juyo da bakunansu kanmu, Damawa ma haka. Kibau suka fara sauka. Mai kiɗanmu ya faɗi a kan gangarsa da uku a ƙirji. Ɗaya ta tsaga mini cinya, ɗaya ta kafe a gungumen, tsakanin yatsuna biyu. Ba hannun karewa, ba ƙafar gudu, abin da aka bar mini baki ne kawai. Na cika ƙirji na kwarara murya:

“Alhamdu lillahi! Barka, Hagunawa! Barka, Damawa! Ashe an shirya! Ku duba, jama'a, yau ga su sun haɗa kai suna harbin abu ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya!”

Kun san yadda kasuwa ke yin tsit in an ce ga mahaukaci da wuƙa? Haka kogin ya yi. Wani dattijon Bahagune da ya riga ya ja baka ya dubi ƙetare, ya ga wani dattijon Badame ya ja baka daidai irin nasa, sai ya yar da bakan kamar ya taɓa kashi. Kowa ya sauke hannu. Tabawa ta ce a hankali, “Ku tuƙa, 'yan banza, ku tuƙa!” Muka ratsa tsakaninsu ba mai ko tari.

Da muka fita daga inda kibiya ke kaiwa, sai na ga bai kamata in tafi ban yi sallama ba. Na waiwaya na ce, “Kai, abin sha'awa! Har dainawa ma tare kuka daina!”

Wayyo. Abin da ya biyo baya ban so shi ba, Allah ya sani, ko da yake ban yi kuka ba. Don su wanke kansu daga zargin shiri, suka far wa juna da duk abin da suka mallaka, har da kibau masu wuta, daidai lokacin da sauran jirage suka shigo tsakani. Laimar Madugu ta kama, gemunsa ya kama. Na ga fatake suna tsalle cikin ruwa riguna na ci, na ga jirgi ya tsage kanwa na zuba, kogi yana tafasa fari fat.

Haka na yi ta yi har ƙasa. Masu dorina da masu kada na yi musu murnar ɗaurin aure tsakaninsu. Wa da ƙane na ce ashe mahaifiyarsu ta yi dace, ga tukwanensu sun sauka wuri ɗaya. Matattu ma ashe sun fi masu rai jin kunya, ina yi musu barka suka koma ramukansu suna jan ƙasa a kai. Kowane wuri mu mu wuce cikin shiru, abin da ya rage na jiragen baya ya shiga cikin wuta. Kafin mu kai tudun yashin nan, mu kaɗai muka rage a kan ruwa, muryata kuma ta dushe.

Sai ga ta bakwai. Na gwada, ba na ɓoye muku. Na ce, “Barka, kogi da teku!” Ruwa bai da kunya. Igiyar kogi ta ɗaga mu sama, igiyar teku ta mare mu, filafilai suka kakkarye, masu tuƙi biyu suka tafi ba ko ihu. Jirgi ya fara juyawa yana nufar inda ruwayen ke karo, katakonsa yana kuka. A hannun dama, can bayan kumfa, ga gaɓar teku da wata giginya ta sunkuyo kan ruwa.

Sai na ga Hauni ya miƙe ya ɗaga gatari a kaina.

Na ce, “Haba Mantau! Ai bai nutse ba tukuna!”

Ya ce, “Yi haƙuri, Malam Jatau, kada ka motsa.”

Na rufe ido. Gatari ya sauka, kaf! Ya sake sauka, kaf! Na buɗe ido, hannuwana suna nan, igiyoyin ne a ƙasa. Tabawa ta yi ihu, “Miƙa su, zanƙalele! Me aka yi su don shi?”

Na maƙale gungumen da hannun hagu, na wurga na dama. Yatsuna suka kama giginya. Kogi ya ja, teku ta ja, jirgi da kanwarsa duk suka rataya a kaina. Na ji kafaɗuna sun fita daga mazauninsu, na ji jijiyoyi suna miƙewa kamar danƙo a rana. Hauni ya rungume ƙuguna, Tabawa ta rungume Hauni tana zagin kakannin ruwa duka biyu. Ban saki ba. Wa zai saki abin da aka ce za a sare in ya saki? A hankali goshin jirgi ya juyo, wata igiyar ruwa ta ɗauke mu ta tofar a kan yashi.

Muna nan kwance sai ga Madugu Arzika ruwa ya kawo shi, yana rungume da gawar dorina, ba gemu, ba gira, ba rawani. Ya rarrafo ya nuna ni da yatsa.

“Sare su! Jiragena! Mutanena! Sare su yanzu!”

Hauni ya je bakin ruwa ya ɗiba ya ɗanɗana, ya tofar. Ya leƙa cikin jirgi ya ɗago dunƙulen kanwa. Ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan teku ce, wannan jirgin farko ne, wannan kuma kaya ne. Ni ma na so, don ban taɓa samun hannuwa irin nasa ba. Amma doka ba ta ba ni ba.”

Madugu ya ce, “Ya ce mini gaba bakwai!”

Tabawa ta ce, “Ya ce maka gaaba. Har wuyansa ya kumbura wajen ja. Kai ne kake sauri.”

Madugu ya zauna daɓas a kan yashi. Can ya ɗago, don ɗan kasuwa ko a bakin kabari ɗan kasuwa ne, ya ce, “To yanzu, Dogo, tsakaninka da Allah, kogin nan zai yi fatauci?”

Na ce, “Zai yi, ranka ya daɗe. Jirgi ɗaya a kowace tafiya, da mutum a ɗaure a goshi mai yi wa jama'a barka. Na ga kuma kana da murya.”

Ban koma Tuntuɓe ba. Na bi gaɓar teku da hannuwana biyu, ina jansu a yashi, don tun daga ranar ba su koma yadda suke ba. Awo kam na bar shi, ba kasuwar da ke yarda in shiga. Amma Allah ba ya hana bawansa abinci. Duk inda aka zauna cin tuwo, ni daga akushin mutanen can gefe nake farawa, nawa kuwa in bar shi ya huce.